Amsa ga mai tambaya kan shekarar koyon Turkanci kafin shiga jami'a

Wa alaikumus salam, ƙanina. Ka ce ka samu tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya, wato Türkiye Bursları, amma an ce sai ka yi shekara guda a TÖMER, cibiyar koyar da baƙi harshen ƙasar, kana koyon Turkanci, alhali kwas ɗinka da Turanci ake koyarwa, kana ganin ɓata lokaci ne, ko akwai hanyar tsallakewa. Barka da arziki tukuna, Allah ya sanya albarka.

Hanya ɗaya ce: ka zo da takardar shaidar Turkanci matakin C1, wato matakin ƙwarewa (ana hawa ne daga A1, A2, B1, B2, sannan C1). In ba ka da ita, sai ka zauna ajin, ko da Turanci za ka yi digirin. Kuma da za a ba ni zaɓi yau, da kaina zan nemi shekarar.

Ni a birnin Konya na yi tawa. Satin farko na ji daɗi ƙwarai, domin haruffan boko suke amfani da su tun 1928, guda 29, ga kalmomin Larabci da kunnen Bahaushe ya saba da su: kalem alƙalami ne, dünya duniya, haber labari, saat sa'a. Ba su ma raba namiji da mace, da shi da ita duk "o" ne. Na ce ashe abin banza ne. Sai da muka shiga A2 na gane Turkanci jera ɗafi yake yi a bayan kalma kamar taragon jirgin ƙasa. Ev gida ne, evler gidaje, evlerimiz gidajenmu, evlerimizde a gidajenmu. Aikatau kuma sai ƙarshen jimla yake zuwa, sai ka yi haƙuri mutum ya kai aya kafin ka san me ya faru.

Kuskuren da na yi, wanda har yau yake ci mini rai, shi ne wata huɗun farko da na yi a tsakiyar 'yan gida. Mu ci tare, mu yi hira da Hausa har dare, sanyin Konya kuma ya ba mu hujjar ƙin fita. A jarrabawar rubutu ina ci, amma ranar da na je gyara takardar izinin zama, ikamet, jami'in ya yi mini tambaya biyu na tsaya ina kallonsa. Daga ranar na koma cin abinci da Turkawan ɗakin kwananmu, ina zama wurin mai shayi ina sauraron dattawa. Baturke in ya ga baƙo yana ƙoƙarin yarensa, ba ya gajiya da gyara masa.

Kada ka yi wasa da halartar aji, ana ƙirga fashi, kuma yana iya taɓa tallafinka.

Wani abin da ba a cika faɗa wa sababbi ba: C1 ɗin ma ba ta gama maka aiki ba. Na shiga ajin injiniya da takardata a hannu, malami ya ce türev, na yi ta laluben ƙamus, ashe lissafin derivative ne da na sani tun sakandare, sunan ne kawai ya sauya. Kai da Turanci za a yi maka lacca, amma abokan ajinka da Turkanci za su yi bita, haka ma'aikatan ofis, haka inda za ka je sanin makamar aiki. Don haka daga B2 ka nemi littafin shekarar farko na fanninka da Turkanci, ka riƙa karanta shafi biyu kullum kana rubuta kalmomin a ɗan littafi.

Wane gari aka tura ka? In tsakiyar Anatoliya ne, wato can cikin ƙasar Turkiyya irin su Konya, ka tanadi kuɗin rigar sanyi mai kauri, ka saya a can kafin Nuwamba.