Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Fim ɗin da Aka Tura Maka a Memori, Wa Ya Biya Kuɗinsa?

Tambaya ta farko daga wani mai karatu a unguwar Pantami, Gombe: "Malam, nakan je wurin masu turi su zuba mini fina-finan Hausa a memori in biya su. Wani abokina ya ce satar fasaha ce, alhali fina-finan nan kyauta ake kallonsu a YouTube. Ta yaya za a ce an saci abin da mai shi ya bayar kyauta?"

Ɗan'uwa, abokinka ya fi ka gaskiya, kodayake na san ba da mugun nufi kake yi ba. Kalmar "kyauta" ce ta rikita lissafin. Idan furodusa ya ɗora fim a tasharsa ta YouTube, kai ba ka biyan shi ko sisi, amma masu talla suna biya. Tallan nan da yake tsinke maka kallo, wanda kake ƙagara ka tsallake bayan daƙiƙa 5, shi ne kuɗin fim ɗin. YouTube na bai wa mai tasha kashi 55 cikin 100 na kuɗin tallan da aka nuna a dogayen bidiyoyinsa, kuma ba ya ma shiga tsarin rabon kuɗin talla sai tasharsa ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda. Kenan kowane kallo ana ƙirga shi, kuma da wannan ƙirgar ake biyan mai ɗaukar hoto da mai tace fim da mai kwalliya da direban da ya kai ma'aikata lokeshin.

To, duba abin da ke faruwa a rumfar mai turi. Yakan sauke fim ɗin sau ɗaya tak da kwamfutarsa, a ƙirga wa furodusa kallo ɗaya ko ma ba a ƙirga ba, sannan ya yini yana zuba shi a wayoyin mutane. Kai kuma ka koma gida ka tura wa matarka da ƙanenka da maƙwabcinka ta Xender. Mutum ɗari sun kalla, sun yi dariya, sun yi kuka, amma a shafin lissafin mai fim babu ko ɗayansu. Kuɗin da ka bayar ya tsaya a aljihun mai turi, wanda bai zuba ko kwabo a aikin ba.

Abin da ya sa nake ɗaukar maganar da zafi shi ne, masana'antar nan ta riga ta taɓa rasa kasuwarta sau ɗaya. A zamanin kaset da sidi, dillalan fina-finai na kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ne suke sayen fim su rarraba shi har Gombe da Bauchi da ƙetaren iyaka, kuma furodusa yana iya mayar da jarinsa daga sayar da faifai. Masu buga kwafin bogi suka fara cin wannan kasuwa, sannan wayar hannu da memori suka ƙarasa ta. Komawar da 'yan Kannywood suka yi ga fina-finai masu dogon zango a YouTube da tashoshin talabijin irin su Arewa24, da kuma manhajojin biyan kuɗi irin su Northflix, neman mafita ce bayan rushewar waccan kasuwa. Ga shi kuma kuɗin tallan da ake biya kan mai kallo daga Najeriya bai kai na mai kallo daga Amurka ko Ingila ba, don haka furodusan Hausa yana bukatar ɗimbin masu kallo kafin ya ga abin kirki. Idan aka zare masa rabinsu ta hanyar turi, sakamakon a fili yake: a rage kuɗin aiki, a ɗauki fim a gida ɗaya da falo ɗaya, a riƙe haƙƙin ƙananan ma'aikata, sannan mu masu kallo mu dawo muna ƙorafin cewa fina-finan sun lalace.

Na san uzurin mutane da yawa shi ne tsadar data, kuma uzuri ne mai ƙarfi. Ka shiga saitin bidiyon ka sauko da ingancin hoto zuwa 240p ko 360p, domin a ƙaramin allon waya bambancin ba shi da yawa, datar kuwa za ta ragu ƙwarai. Haka kuma manhajar YouTube na da maɓallin saukewa a ƙarƙashin bidiyoyin da masu su suka amince, wanda za ka iya amfani da shi da dare lokacin da kamfanonin sadarwa ke sayar da data mai rahusa.

Tambaya ta biyu daga wata malamar makaranta a Bajoga: "Ɗana ya sa mini wata manhajar kallon fina-finan Indiya da na Turawa kyauta. Tun ranar wayar take zafi, talla na faɗo mini ko ban buɗe komai ba."

Malama, ki cire manhajar nan yau. Irin waɗannan ba kasafai suke Play Store ba, ana sauke su ne a matsayin fayil ɗin APK, wato fayil ɗin girka manhaja a wayar Android, daga shafukan da ba mai tantance su, kuma masu su da tallan dole da kwasar bayanan mutane suke samun kuɗi. Ki shiga saitin waya, ki buɗe jerin manhajoji, ki duba wadda ba ki sani ba, musamman marar suna ko marar tambari, ki goge ta. Ki duba ko an ba wata izinin karanta saƙonnin tes, domin ta nan lambobin sirri na banki suke shigowa. Idan kin samu haka, ki sauya lambar sirrin manhajar bankinki daga wata wayar, sannan ki kunna Play Protect, mai binciken miyagun manhajoji da ke cikin Play Store, ya bincike wayar.

Tambaya ta uku daga wani matashin furodusa a Jekadafari: "Na saki fim ɗina, kwana biyu sai na gan shi a wata tasha daban da kuma Telegram. Me zan yi?"

Allah Ya mayar maka da alheri, kuma kada ka tsaya ga zagin ɓarawon a Facebook. A cikin YouTube Studio, wato shafin da mai tasha ke kula da tasharsa, akwai sashen haƙƙin mallaka inda za ka cike takardar neman a sauke bidiyon, ka sa adireshin naka na asali da na wanda aka sata. Za ka iya zaɓar a sauke shi nan take, ko a ba mutumin wa'adin kwana 7 ya cire da kansa. Idan aka tabbatar da ƙorafinka ana yi wa tasharsa gargaɗi, kuma gargaɗi uku na iya jawo a rufe ta gaba ɗaya. Telegram ya fi wuya, domin kamfanin yana karɓar ƙorafi ne kan tashoshin da suke a buɗe ga kowa, kuma wanda aka rufe wa ɗaya yakan buɗe wata da sabon suna.

Doka ma tana bayanka. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta tanadi hanyar neman a cire aikin da aka ɗora a intanet ba da izini ba, kuma za ka iya kai ƙara Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya. Ka adana hujjarka: ɗanyen hoton da aka ɗauka a lokeshin, rubutaccen labarin, da hoton allon shafin ɓarawon mai nuna ranar da ya ɗora.

Ka kuma binciki cikin gida, domin fim ɗin da ya fita kafin ranar sakinsa daga hannun na kusa yake fita. Duk kwafin da za ka bai wa jarumi ko mai talla ya gani, ka sa a rubuta sunan mutumin a kusurwar hoton tun daga farko har ƙarshe, kuma ku yi yarjejeniya a rubuce da mai tace maka fim cewa ba zai bar aikin a kwamfutar da yaran shago suke taɓawa ba.