Ku Tambaya Mu Amsa: Teburin cin abincin marigayi Baba, nawa za a yi masa kuɗi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu ya rasu bara, tsohon ma'aikacin reluwe ne, cikin abin da ya bari akwai wani teburin cin abinci na katako da kujeru shida, ɗaya ƙafarta ta karye, mu dai tun da muka taso muke ganinsa a falo, kuma nauyi gare shi sai maza huɗu sun kama. Yanzu an zo rabon gado wani dillali ya taya dubu 40, ƙanena kuma ya ce ya ga irinsa a intanet ana sayarwa miliyoyi, Yaya kuma ya ce a fara kai wa kafinta ya goge ya yi fenti tukuna. Dan Allah ya za mu gane ko mai daraja ne? Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kafin komai ki roƙi Yaya ya dakata da zancen kafinta, wallahi samfefa da sabon fenti sun kashe kuɗin tsofaffin kaya da yawa, mai sayen tsohon abu tsufan yake biya, in aka goge aka lafta masa banish mai ƙyalli ya zama kamar kowane tebur na bakin titi. Tsumma mai ɗan danshi ya isa.

To ki samu samarin gidan su kifa teburin, domin gaskiyar tebur a ƙarƙashinsa take, nan ne ba a shafa komai ba. Ki fara duba bakin saman teburin. In kin ga layi-layi siri-siri kamar an jera takardu an manne, filawud ne aka rufa masa fatar katako mai kyau, in kuwa zanen jijiyar itacen ya sauko daga sama ya zarce har gefe to falankin gaske ne. In saman mai santsi ne kamar roba kuma yana ɗagowa a kusurwa, fomaika ce, irin wadda ta cika gidajen ma'aikata a shekarun 1970 lokacin ƙarin albashin Udoji, wannan kam sai dai darajar tunawa da Baba.

Sai haɗin ƙafafu. Kafintocin da sukan fafe rami a jikin ƙafa su zura harshen ɗaya katakon a ciki, su danne da ɗan turken katako, za ki ga kansa zagaye kamar ƙwandala ƙarama. Na yanzu kuwa ƙusa da gam ne an gama. Ki duba sukurori ma, mai tsaga ɗaya a kai ya fi yawa a tsofaffin aiki, mai kan tauraro na baya ne, amma kar ki yanke hukunci da sukuru ɗaya don ƙila gyara aka taɓa yi. Ki haska da fitilar waya ko akwai tambari ko lamba, kayan gidajen gwamnati na da akan rubuta musu PWD, wato ma'aikatar ayyuka, in kuma NRC, wato hukumar reluwe, kika gani to rubutun bai girmi 1955 ba, a shekarar aka kafa hukumar da wannan sunan.

Nau'in katakon shi ne rabin kuɗin. Ki kankare ɗan wuri kaɗan da reza a ƙasan, inda ba a gani. Ja-ja ne, mai yiwuwa maɗaci ko ɗan'uwansa mahogani na kudu. Ruwan ƙasa mai ɗan rawaya ga nauyi, loko ne wanda 'yan katako ke cewa iroko, gara ma ba ta cika kula shi ba. Fari mara nauyi da farce ke lotsawa obece ne, ba shi da tsada kuma ƙwaro na sonsa, amma tunda kin ce sai mutum huɗu na cire shi daga lissafi. In kuwa maɗobiya ce to kun dace, ita ce wadda 'yan Chana suka yi ta kwasa daga dazukan Taraba har aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke sa ido kan cinikinsu a 2017. Ki yanki hoton wurin da kika kankare ki nuna wa dattijo a 'yan katako, ba yaron shago ba, kallo ɗaya zai faɗa miki.

Tsagewa 'yar kaɗan da kujera mai girgiɗi ba abin tsoro ba ne, hunturunmu ne ke busar da katako. Abin tsoro shi ne ƙananan huji da gari kamar fulawa yana zuba a ƙasa, ƙwaro na ciki yana ci kenan. Ita kuma karyayyar kujerar kar a yar, saiti shida da gurguwa ɗaya ya fi biyar lafiyayyu kuɗi.

Zancen miliyoyin ƙanenki, farashin Landan ne ko Legas, kuma kuɗin da mai kaya ya sa ne, ba wanda aka biya ba. A nan Arewa masu neman tsohon tebur ba su da yawa, amarya sabo take so. Shi ma dillali tayin da ya yi na wanda zai sayar ya ci riba ne. Ki tambayi kafinta nawa zai ci yau a yi sabo da irin wannan katakon da wannan kaurin, sannan ki sa mutum uku da ba su san juna ba su taya, kuɗin gaskiya yana tsakanin nan. In ya tabbata loko ko maɗaci ne zalla, dubu 40 ko katakon ba su saya ba.

Da ni ne, sai a tsayar da kuɗin gaban malamin da ke rabon, ɗaya daga cikinku ya ɗauka a cikin kasonsa, a kai kujerar nan a ɗaure mata ƙafa.