Amsa kan dalilin barin kakanninka Kumasi a 1969

Malam, ka tambayi abin da ya sa kakanninka suka bar zangon Kumasi da ke Ghana suka koma Kano a 1969 bayan sun shekara da yawa suna fataucin goro a can. A watan Nuwamba na wannan shekara, gwamnatin Firaminista Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama wa'adin mako biyu ya samo ta ko ya fice daga Ghana, alhali yawancin mazauna zango ba su taɓa neman irin wannan takarda ba, wasunsu ma a can aka haife su.

Mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, tana yarinya a lokacin, kuma takan ba mu labarin yadda aka sayar da gida da rumfar kasuwa a kan kuɗi kaɗan, aka cusa mata da yara cikin manyan motoci ta Togo da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yanzu) zuwa Najeriyar da ba ta gama yaƙin basasa ba. A ganina, tsoffin matan gidanku za ka fara tambaya, domin su suka fi riƙe sunayen maƙwabtan da aka rabu da su.