Katakon fatsa mai kai ƙugiya tsakiyar ruwa

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda ake haɗa katakon da zai ja ƙugiyarka gefe, ya kai ta tsakiyar ruwa kana tsaye a gaɓa. To, aikin yini ɗaya ne.

Nemi katako marar nauyi, irin na rimi, tsawon santimita 25, faɗin 8, kaurin 2. Ka fiƙe goshinsa a karkace ta fuska ɗaya kawai, kamar bakin kurfi. Nan sirrin yake: ruwa na dukan wannan karkatar sai ya ture katakon gefe. A fuskar da ka fiƙe ɗin za ka ɗaura ƙaramin zobe, wajen kashi ɗaya cikin uku daga goshi, nan igiyar hannunka za ta kama. Zaren ƙugiya kuma a wutsiya.

Sai dalma. Ka buga ta ta yi fale-fale, ka kafe ta da ƙusa a gefen ƙasa, don katakon ya tsaya a kan gefensa, rabi a ruwa rabi a waje. Nawa na farko rowar dalma na yi masa, ina sake shi ya kwanta ruf da ciki yana juyi, har ya cukurkuɗe mini zare. Gwada naka a baho tukuna, sannan ka shafa fentin mai, don rimi akwai shan ruwa.

A ruwa mai gudu yake aiki. A tafki kuwa sai kana tafiya kana jansa. Kuma ka sassaƙa biyu, na dama da na hagu, tunda wanda ya yi maka a wannan gaɓar, a tsallake baya zai dawo maka.