Ƙaramar tab mai araha: za ta ɗauki aikin gona da kallon ƙwallo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin gona ne a yankin Argungu. Kullum ina kan mashin daga wannan ƙauye zuwa wancan, ina rajistar manoman shinkafa da KoboCollect, manhajar cike fom a waya, ina ɗaukar hoton gona da wurin da take, da dare kuma in haɗa rahoto a Excel. Wayata ta yi mini ƙanƙanta, idona yana wahala, kuɗin laftof kuma babu. Na ga ƙananan kwamfutocin hannu, waɗanda ake ce wa tab, a shagunan waya a Birnin Kebbi, wasu har an rubuta RAM 16GB a kwalinsu kuma sun fi sauran araha. Ina so in riƙa kallon ƙwallo da ita, yara ma su ɗan yi gem. Wace zan saya, ko in haƙura in tara kuɗin laftof?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Aikin da ka lissafa aikin tab ne, ba sai ka jira laftof ba. KoboCollect ma manhajar Android ce, a waya ko tab aka yi ta don ta yi aiki. Abin da za ka nema shi ne tab mai faɗin inci 8 zuwa 9, mai ɗaukar layi, mai RAM (wurin da na'ura ke riƙe ayyukan da take kan yi) 4GB na gaskiya da ma'aji 64GB, daga kamfanin da aka san sunansa. Waccan mai 16GB da ta fi kowa araha kuwa, ka bar ta a inda ka gan ta.

Bari mu fara da ita, tunda ita ce ta fi jan ido. Tab ɗin da ke da RAM 16GB na haƙiƙa tana cikin masu tsada sosai, kuɗinta ya fi na laftof ɗin da kake gudu. In ka ga wannan lamba a kan kwalin da ba ka taɓa jin sunan kamfaninsa ba, ɗayan biyu ne. Ko dai an haɗa RAM na gaske da abin da ake kira RAM na ƙari, wato wani yanki na ma'aji da na'urar ke ara, wanda bai kama ƙafar na gaske a sauri ba, ko kuma an gyara manhajar ciki ne kawai don ta riƙa nuna lambar ƙarya. Irin na biyun, ko ka shiga saitin sai ka ga 16GB a rubuce, alhali 2GB ne a ciki. Ba a shago take nuna halinta ba. Sai ka buɗe fom mai tambaya ɗari, ka fita ɗaukar hoto, ka dawo ka tarar manhajar ta rufe kanta, saboda babu wurin riƙe kyamara da fom a lokaci guda. Har kamfanoni masu suna suna rubuta 4+4 a talla, to lambar farko ce taka.

A wannan girman, akwai guda uku da za ka iya auna sauran da su. Samsung Galaxy Tab A9 ta fito a ƙarshen 2023, inci 8.7 ce, injinta Helio G99, batirinta 5,100mAh, nauyinta bai wuce giram 330 da 'yan kai ba. Ka duba lambar da ke jikin kwali: SM-X115 ita ce mai layi, SM-X110 WiFi kaɗai take kamawa. Redmi Pad SE 8.7 ta 2024 injinta Helio G85 ne, ya ɗan gaza na Samsung ɗin, amma batirinta 6,650mAh, kuma akwai nau'inta mai 4G. Lenovo Tab M9 tana bin bayansu, da Helio G80 da batir 5,100mAh. In sauri ne damuwarka, A9. In wuta ce damuwarka, kuma mun san yadda wutar Kaduna Electric take a ƙauyukan Kabi, Redmi ta fi kwana da caji. Tsohuwar Tab A7 Lite mai 3GB da 32GB har yanzu tana yawo a kasuwa da farashi mai daɗi, sai dai ta 2021 ce, kuma a cikin 32GB ɗin nan manhajar na'urar kanta ta cinye fiye da 10GB tun kafin ka ɗauki hoto ɗaya.

Akwai kuma Amazon Fire, da ake yawan kawowa cikin kayan Landan-yus. Tana da kyan gani da araha, amma ba ta ɗaukar layi, ba ta zo da Play Store ba, kuma babu GPS a cikinta. Ga mai kallon fim a ɗaki ba laifi. Ga mai auna gona ba ta da amfani.

Maganar GPS ɗin nan ita ce za ka fi tsayawa a kanta, domin a nan araha ke cutar masu irin aikinka. Wasu tab marasa layi ba su da GPS na kansu, da WiFi ɗin da ke kusa suke ƙiyasta inda suke, a tsakiyar fadama kuwa wane WiFi? Kafin ka biya, ka sa mai shago ya bar ka ka sauke manhajar GPS Test, ka fita waje inda sama take a buɗe, ka jira minti biyu zuwa uku. Ya kamata ka ga taurarin ɗan'adam sun bayyana, kuskuren awo kuma yana sauka ƙasa da mita 10. KoboCollect, in ba a canza saitin fom ɗin ba, sai ya kai mita 5 yake kama wuri da kansa. Tab ɗin da ta tsaya a mita 30 ko 50 za ta sa ka yi ta tsayuwa a rana, ko ta ɗora gonar wani a kan ta maƙwabcinsa. Tunda ka riga ka fito waje, ka ɗaga hasken fuskar har ƙarshe ka ga ko rubutu na karantuwa. Fuskar ƙananan tab ba ta cika jure hasken rana ba, kuma fitilar shago tana ɓoye wannan aibin.

Sai layi. Za a ce maka ka sayi marar layi ka riƙa ba ta intanet daga wayarka. Ana yi, amma batir biyu kake ƙonawa a lokaci guda, wayar kuma tana zafi a aljihu. In ta hannu za ka saya, musamman wadda ta fito daga Amurka, ka saka layinka a gaban mai shago ka ga 4G ya hau, don wasu a kulle suke da kamfanin sadarwar can, wasu kuma ba su da zangon da ake amfani da shi a nan. Zango na 3, wato Band 3, shi ne gama-gari a Najeriya, MTN na da 7 da 20, Glo na da 28. Su 20 da 28 ɗin sun fi cin nisa, su ne ke kai sabis ƙauyen da ke nesa da turken sadarwa. Ka kuma tabbata an cire asusun Google na tsohon mai ita, a mayar da ita sabuwa a gabanka, ka shigar da naka. In aka bar wannan, ranar da ka wanke ta, wato ka goge komai ta koma sabuwa, za ta nemi kalmar sirrin mutumin da ba ka sani ba. A sabuwa ko ta hannu, ka shiga Play Store, ka je saiti, ka duba wajen bayanin Play Protect ko ya nuna an tantance na'urar. Ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar IMEI, wato lambar shaidar na'urar.

Game da Excel, ƙanƙantar tab ɗin ma riba ce. Microsoft na barin a yi gyara a Word da Excel kyauta a na'urar da fuskarta ba ta wuce inci 10.1 ba, asusu kawai za ka buɗe. Cike jadawali, tara lambobi, tace sunayen manoma bisa ƙauye, duk za ta yi. Abin da ba za ta yi ba shi ne fayil mai macro, wato umarnin da ke yin aiki da kansa a cikin fayil, kuma jadawali mai ginshiƙi talatin zai gajiyar da kai da ja hagu da dama. In rahoton yana da tsawo, ƙaramin kibod na Bluetooth zai rage maka wahala. Ka saka Hausa a Gboard, kibod ɗin Google da ke fitowa a fuskar na'ura, don samun ɓ da ɗ da ƙ. WhatsApp kuma ba sai ka sayi sabon layi ba, ana haɗa lamba ɗaya da na'urori har huɗu bayan wayar.

Ƙwallo da gem ba su da wata doguwar magana. Fuskar waɗannan tab ɗin ɗigon hotonta 800 ne a 1340, don haka kallo a 720p ya isa, ɗaga shi sama ƙona data ne kawai. Ludo da Candy Crush da Dream League za su tafi lafiya. Manyan gem irin su Call of Duty sai an rage ingancin hoto, kuma A9 ce ta fi iya su. Sai dai ka tura duk fom ɗin da ka cike kafin ka miƙa wa yara. Fom ɗin da ba a tura ba a cikin tab ɗin kawai yake zaune, in yaro ya goge manhajar ko ya yi ta kuskuren lambar buɗewa har aka kai ga wanke na'urar, aikin sati ya tafi. In tab ɗin tana ba da damar buɗe wani mai amfani na daban, ka buɗe musu nasu.

Kar ka kashe duk kuɗin a kan tab ɗin. Ka ware na riga mai kaurin kusurwa da gilashin kariya, don faɗuwa daga kan mashin a kan kusurwa take fasa fuska, canza fuskar kuma yakan kai wani babban kaso na kuɗin sabuwa. Ka ware na fawa-bank. Mai 10,000mAh ba zai cika batir 5,100 sau biyu ba kamar yadda lissafi ke nunawa, domin kusan kashi ɗaya cikin uku yana salwanta wajen sauya ƙarfin wuta, sau ɗaya da 'yan kai za ka samu. Mai 20,000mAh zai ba ka kamar sau biyu da rabi. Ka tambaya ko akwai kan caja a cikin kwali, don wasu kamfanoni igiya kaɗai suke sakawa yanzu. A9 tana karɓar watt 15, Redmi watt 18, ƙaramar cajar tsohuwar waya mai watt 5 kuwa sai ta ɗauki sa'o'i da yawa kafin ta cika ta. In za ka kai shagon caji, ka tafi da cajarka.

Katin memori shi ma ana jabunsa sosai: a rubuta 128GB, ciki 8GB, yana cika sai sababbin hotuna su fara lalata tsofaffi. Ka gwada shi da zuba bidiyo mai yawa, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka ga ko suna tashi.

Zafi ne babban abokin gabar batir a yankinku. Masu ƙera irin waɗannan na'urori sukan ce a yi amfani da su a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, Kabi kuwa a watan Maris da Afrilu tana haura 40. Kar ka bar ta a akwatin mashin ko a kan sirdi a rana, kar ka yi caji tana ƙarƙashin filo, kar ka haɗa caji da kallon ƙwallo da tsakar rana. In ka ga fuskar ta fara ɗagowa daga jiki, batir ne ya kumbura, ka daina caji nan take ka kai a canza shi. Da hunturu ƙura ce ke toshe ramin caji har a zaci caja ce ta mutu. Ka kashe tab ɗin, ka sakace ramin a hankali da tsinken sakace na itace, ban da allura. Da damina kuma ka riƙa saka ta a leda mai zif kafin ka shiga fadama ko kwalekwale.