Me ya sa bindiga ke tsatsa duk da an shafa mata mai?

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana da bindigar farauta mai lasisi, mai baki ɗaya, da kuma tsohuwar bindigar toka da ka gada wajen mahaifinka. In farauta ta ƙare sai ka shafe su da mai, ka zura su cikin jakar fata, ka tura ƙarƙashin gado, amma da kaka sai ka tarar tsatsa ta kama cikin bututun. Kana tambaya ko man ne ba shi da kyau.

A ganina man ba shi ne babban mai laifi ba. Ka lulluɓe datti ne da mai, dattin kuwa shi ke jawo danshi, sai tsatsa ta yi ta cin ƙarfe daga ƙasa kai kana ganin sheƙi a sama. Sai an wanke, an busar, sannan mai ya yi amfani.

Kafin komai, ka tabbata babu harsashi a ciki. Ka buɗe mai baki ɗayan ta wajen da ake sa harsashi ka leƙa da idonka. Ta toka kuwa ba a iya leƙa ta, don haka ka zura sandar ɗuri har ƙasa, ka riƙe inda ta tsaya da yatsa, ka fito da ita ka gwada a jikin bututun ta waje. In ba ta kai gindi ba, akwai ɗuri a ciki. Albarushi ba ya mutuwa don ya daɗe. Bindigar da aka ɗura tun zamanin kakanni tana iya tashi.

Bari in tsaya kan ta tokar, don ita ce ta fi wahala. Tokar da baƙin albarushi ke bari tana da gishiri-gishiri da ragowar farar wuta, kuma tana tsotsar ruwan iska kamar yadda gishirin miya ke jiƙewa da damina. Kwana ɗaya ya isa ta fara ɓarna. Mai ba ya narkar da ita, ruwa ne ke narkar da ita. Mutane kan yi mamaki in na ce su wanke bindiga da ruwa, amma haka maharba na da suke yi. Ka dafa ruwa, ka ɗan sa sabulu, ka raba bututun da kotar in tana rabuwa, ka tsoma gindinsa a bokiti. Ka naɗa tsumma a bakin sanda ka riƙa turawa kana jawowa. Za ka ji yana zuƙo ruwan ta ƙaramar kafar da wuta ke bi. Ruwan farko baƙi ƙirin zai fito, da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ka yi ta sauyawa har ya fito fes. Ka ɗauraye da ruwa mai zafi sosai, don zafin ƙarfen da kansa zai taimaka ya bushe, sannan ka bi da busasshen tsumma nan take. Kada ka jingine ta ka ce sai bayan Azahar, jan tsatsa ba ya jiran kowa.

Mai baki ɗayan aikinta da sauƙi: buroshi da maganin wanke bututu irin Hoppe's No. 9 in ka samu, sai tsumma har ya fito fari. Ka riƙa shigar da sanda ta wajen da ake sa harsashi, ba ta baki ba. Ga 'yan'uwa masu bindiga mai zane a cikin bututu, wannan ya fi muhimmanci, domin in gefen bakin ya goge saiti ya lalace. Su ne kuma ke fama da ragowar jan ƙarfe na harsashi. Maganin da ke cire shi yakan mayar da tsumma shuɗi, kuma ba a barinsa ya kwana a ciki.

To, batun mai. Man gyaɗa da manja ka bar su a madafa, daskarewa suke yi su zama danƙo, kunama ta riƙa maƙalewa. Baƙin mai na gareji kuwa datti ne kawai. Man feshin nan, WD-40, yana korar ruwa bayan wanki, amma ban yarda da shi kaɗai ga ajiyar wata huɗu ba. Ballistol, wanda Jamusawa ke yi tun 1904, yana da kyau ƙwarai ga bindigar toka saboda yana gauraya da ruwa. In duk babu, man keken ɗinki ya wadatar. Kaɗan ake so, shafa ɗaya ciki da waje, ba wanda zai riƙa ɗiga ba. Bayan ka gama kada ka sake kama ƙarfen da hannu, ka ɗauka ta katako ko da tsumma. Na sha ganin zanen yatsa ya fito ɓaro-ɓaro da tsatsa a jikin bututu, gumi ne ya yi aikinsa.

Jakar fatar nan ta tafiya ce, ba ta ajiya ba. Fata tana riƙe danshi, kuma abin da aka jeme ta da shi yana taɓa ƙarfe. Ƙarƙashin gado ma bai yi ba, musamman a ɗakin ƙasa: ga laima, ga gara da ke son kota, ga yara. Ka samu kabad mai makulli, nesa da bangon da ruwa ke duka. Ka tsayar da ita baki ƙasa a kan ɗan katako, don kada mai ya gangara ya shiga kota ya ruɓar da ita. Ƙananan ƙullin nan masu tsotsar danshi da ake samu a kwalin sababbin takalma, ka tara ka jefa ciki. Harsashi da albarushi kuma a wani wurin daban, shi ma a kulle.

Da damina, musamman cikin Agusta, ka riƙa dubawa duk wata ka sake bi da tsumma mai ɗan mai. Wanda ke kudu, irin su Lokoja ko Kumasi, sai ya fi haka yawaitawa.

Kada ka cusa tsumma a bakin bututu. Danshi yake tarawa, kuma mutum kan manta da shi. In zanzaro kake gudu, don yana son gina ɗakinsa na laka a irin wannan rami, rufaffen kabad ya isa. Ranar da za ka koma daji, ka goge man cikin bututun tas da busasshen tsumma, ka ɗaga na mai baki ɗayan ga haske ka ga ya buɗe daga farko har ƙarshe, na ta tokar kuma ka gwada shi da sandar ɗuri, domin bututun da ya toshe fashewa yake yi a hannu. In kuma ka ga tsatsar bara ta haƙa ramuka a cikin ta tokar, ka kai wa maƙeri ya duba kaurin ƙarfen kafin ka sake ɗura ta.