Za mu je ganin 'yan wasan hoki: me ya kamata mu saya a sa mana hannu?

Tambaya daga wani magidanci a Mississauga, Kanada: Ɗana mai shekara tara ya kamu da son hokin ƙanƙara. An shirya taron karrama magoya baya inda 'yan wasa za su zauna su sa hannu a kan kaya, shi kuma ya kafe sai an saya masa rigar kulob an sa mata hannu. Ita ce ta fi, ko da abin da ya fi ta?

Malam, fara tambayar yaron abu ɗaya: sa rigar zai riƙa yi ko ratayewa? In sawa zai yi, kada a sa mata hannu. Wanki biyu ko uku tawadar ta dusashe, sai a tashi ba riga mai tsabta, ba sa hannu mai kyau. Rigar manya ta NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Kanada da Amurka, wadda kamfanin Fanatics ke ɗinkawa, takan haura dala 150 na Kanada, kuma yaro mai shekara tara zai fi ƙarfin tasa kafin a je ko'ina.

Mu dai shawararmu ƙwallon hokin, wato baƙar robar nan mai siffar waina, faɗinta inci 3, kaurinta inci 1. A shagon kulob ba ta kai dala 20 ba, tana shiga aljihu, ba ta yagewa. Sai dai a nan ne mutane da yawa ke yin asara: baƙin alƙalami ba ya fitowa a kan baƙar roba. Ka sayi alƙalamin fenti ruwan azurfa ko ruwan zinare, mai matsakaicin baki. Tun a gida ka girgiza shi sosai da murfinsa a rufe, ka danna bakinsa a kan kwali har fentin ya sauko, ka ja layi biyu ka gani. Sabon alƙalamin da ba a gwada ba, ko dai ya ƙi rubutu a gaban ɗan wasa, ko ya kwararo da fenti ya ɓata komai. In layin jira a waje ne lokacin hunturu, ka ajiye shi a aljihun ciki, don sanyi na daskarar da fentin. A miƙa gefen da ba tambari, bayan an sa hannu kuma a riƙe ta gefe-gefe kamar minti ɗaya kafin a sa a aljihu.

In rigar ce dole, a sa hannun a kan lambar baya, inda yadin ke da ƙarfi da santsi. Jikin rigar mai huji-huji ne, yana shanye tawada ya baza ta. Farar lamba, baƙin alƙalamin maka na Sharpie. Lamba mai duhu, ruwan azurfa. Ka sa kwali a ciki, ka ja wurin ya miƙe yayin da ɗan wasan yake rubutu. Katin hoton 'yan wasa na kamfanin Upper Deck shi ma ya yi, amma mai ƙyalli yana sa tawada ta dunƙule. Ka shafa masa hodar jarirai kaɗan, ka goge tas, sannan a yi amfani da shuɗin Sharpie.

Tambaya daga wata uwa a Edmonton: Na ga tikitin daren karrama magoya baya. In na saya, za mu gaisa da 'yan wasa?

Hajiya, ba lalle ba ne. A yawancin kulob-kulob na NHL wannan dare wasan gida ne na ƙarshen kakar wasanni, a watan Afrilu. Ana raba kyaututtuka, a wasu wuraren a zaɓi 'yan kallo kaɗan su sauka kan ƙanƙara kowane ɗan wasa ya cire rigarsa ya ba mutum ɗaya. Sauran dubban suna kallo daga kujerunsu. Zaman sa hannu na sosai sau da yawa na masu tikitin kaka gaba ɗaya ne, don haka ki karanta sanarwar da kyau: wa aka yarda ya shiga, kaya nawa ake sa wa hannu (galibi ɗaya ne ga kowane mutum), ana ɗaukar hoto ko ba a ɗauka. Layin babban tauraro kuwa ana iya rufe shi tun kafin ki kai tsakiya. Gara ki zaɓi teburi mai gajeren layi yara su samu hannu uku, da a wuni a layi ɗaya a koma gida da kuka.

In kusantar 'yan wasa ake nema, ku shiga fili da zarar an buɗe ƙofa. Kamar rabin awa kafin wasa suna fitowa motsa jiki, a filaye da dama kuma ana barin yara su sauka bakin gilashin da ya kewaye filin. Yaron da ke riƙe da kwali mai sunan ɗan wasa yakan dace a jefo masa ƙwallo. Atisayen da kulob-kulob ke yi a watan Satumba, wasannin ƙananan kulob irin Oil Kings na nan garinku, da gasar mata ta PWHL da aka fara a Janairun 2024, duk sun fi sauƙin kuɗi da sauƙin gaisawa. Af, ki gaya wa yaran wasan nan bai rasa ɗan gida ba: Rumun Ndur, wanda ya buga wa kulob ɗin Buffalo Sabres na NHL, a Zariya aka haife shi a 1975.

Tambaya daga wani ɗalibi a Toronto: Na ga riga a intanet da sa hannun Connor McDavid, tauraron Edmonton Oilers, da araha. In saya?

Ɗan'uwa, arahar ita ce abin tsoro. Takardar shaidar da mai sayarwa ya buga da kansa ba ta da wani amfani. Ka nemi lambar tantancewa ta kamfanin da ke tabbatar da sa hannu, kamar PSA, JSA, Beckett ko Upper Deck, ka shigar da ita a shafin kamfanin da kanka, ka tabbatar bayanin da ya fito ya dace da kayan da ke cikin hoton. Ka duba rigar ma: ta jabu takan zo da lamba mai ƙyalli da ta kumbura, da zare da ke tsallakawa daga harafi zuwa harafi. In mai kaya ya ƙi turo hoton lambar, ka riƙe kuɗinka.